Idan rediyon Baba ta mutu: Abubuwan dubawa kafin sayen sabuwa a Kaduna

Duk wanda ya bi ta Kakuri, Makera ko Nasarawa da sassafe ba zai rasa ganin dattijo zaune a ƙofar gida, ko mai gadi a bakin tsohuwar masana'anta, da 'yar rediyo manne a kunne ba.

Da yawa daga cikinsu tsofaffin ma'aikatan masaƙu ne, irin su KTL da aka buɗe a 1957 ta kuma rufe a 2002. Aikin ya tafi, amma rediyon da aka saya da albashin wancan zamani, National Panasonic ko Sony, ta daɗe tana aiki.

Yanzu waɗannan akwatuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ruwan batir ya cinye cikinta, wata igiyar da ke jan allura ta tsinke, wata kuma mai gyara ya nemi kayanta ya rasa.

Daga nan sai nauyin ya faɗo kan ɗa ko jika. Ya shiga Kasuwar Monday ta Kakuri, ko Sabon Tasha, ko ya haye gada zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya dawo da sabuwa mai fitila da Bluetooth. Bayan kwana biyu sai a ga tsohon ya ajiye ta a kan taga, domin ba ta kama tashar da ya saba ji.

Me ya sa har yanzu ake neman rediyo?

Mai waya a hannu na iya ganin sayen rediyo ɓarnar kuɗi ce. Sai dai a farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, alhali rediyo ba ta cin komai sai batir.

Mutanen Kaduna kuma ba su manta da ƙarshen watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kusan wata biyu aka yi a haka. A inda abin ya shafa, wayoyi sun zama fitila, labari kuwa sai ta rediyo.

Ga kuma sabo. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, wanda daga baya ya zama Rediyon Najeriya Kaduna. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa kuma a 2007. Wanda ya tashi da waɗannan muryoyi, raba shi da su ba ƙaramin abu ba ne.

Zango uku, aiki uku

Tambayar farko ba ta farashi ba ce. Ita ce: wace tasha mai rediyon yake ji?

Idan tashoshin gari ne irin su Freedom a 92.9, Liberty a 91.7, Karama a 92.1, Supreme a 96.1 ko Alheri a 97.7, to FM ake nema. Muryarsa tas take, amma ba ya nisa. Da mutum ya nausa hanyar Kachia ko ta Abuja, tashar za ta fara yankewa. Kusan kowace rediyo tana kama FM a cikin gari, shi ya sa mai shago ya fi son ya gwada wa mai saye shi.

Na biyu shi ne matsakaicin zango, wanda ake rubutawa AM ko MW. A nan aka san sashen Hausa na Rediyon Najeriya Kaduna a kan 594, da Rediyo Nagarta a kan 747. Ya fi FM nisa, musamman da dare.

Na uku shi ne gajeren zango, wato SW, mai kawo muryoyi daga ƙetare. Igiyarsa kan tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. A nan ne rediyon kirki take bambanta da ta banza.

Lissafin mita

Tsofaffi da mita suke kiran tasha, sababbin rediyoyi kuma lambobin MHz suke nunawa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da lambar MHz, sai mita ta fito. Misali, 6.09 da aka daɗe da sanin Rediyon Kaduna a kai, ita ce mita 49. Lambobin da ke kusa da 15 mita 19 ne, na kusa da 17 kuma mita 16.

Sanin wannan yana da amfani, domin rana da dare ba ɗaya suke ba a gajeren zango. Da rana mita 16 da 19 sun fi kawowa, da dare da asuba kuma mita 31, 41 da 49. Rediyon da gajeren zangonta ya tsaya a 12 ba za ta kama yawancin shirye-shiryen rana ba. Ya kamata a duba jikinta a tabbatar ta taso daga wajen 5 ta kai aƙalla 18.

Haka kuma manyan tashoshin duniya kan sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Wani lokacin kuma tashar ce ta yi shiru, kamar yadda aka daina jin Muryar Amurka a watan Maris na 2025 bayan umarnin Shugaba Donald Trump. Don haka rashin jin tasha a inda aka saba ba koyaushe ne laifin akwati ba.

Mai allura ko mai lamba?

Mai allura, irin Kchibo da ta cika kasuwannin Arewa, ta fi araha, ba ta cin batir sosai, kuma tsoho ba ya buƙatar a koya masa ita. Matsalarta ita ce tasha kan zame, sai an riƙa murɗawa. Wadda aka rarraba gajeren zangonta gida-gida, SW1, SW2 har zuwa bakwai ko takwas, ta fi wadda aka cusa duka a layi ɗaya sauƙin kamu.

Mai lamba, irin Tecsun, tana zama daram a kan tasha, tana kuma ajiye ta a ƙwaƙwalwa. Amma ta fi tsada, maɓallanta ƙanana ne, kuma mai raunin ido na iya shan wahala da ita.

Akwai wani tarko a nan da ba kowa ya sani ba. A Afirka da Turai, tashoshin AM tazarar 9 ce tsakaninsu, a Amurka kuma 10. Lambobin 594 da 747 duk ninkin 9 ne. Rediyo mai lamba da aka yi wa kasuwar Amurka, kamar wasu da ake samu a cikin kayan gwanjo, za ta tsallake daga 590 zuwa 600, ba za ta sauka daidai kan tashar ba. Masu kyau suna da wurin sauya 10 zuwa 9, sai a duba kafin a biya.

Batir da caji

A garin da wuta ke zuwa ta tafi, batir ne rabin magana. Mai cin manyan batura ta fi jimawa kafin a sake, amma ta fi nauyi. Mai caji ta fi sauƙin kuɗi a kullum, sai dai idan batirinta a like yake a ciki, ranar da ya mutu rediyon ta mutu.

Abin da ya fi shi ne wadda ake cire batirinta a sake, kamar mai amfani da batirin tsohuwar Nokia, ko wadda ta haɗa caji da gurbin batir na kanti. Ƙaramin faifan sola da ke bayan wasu taimako kawai yake yi, ba ya cika batir da wuri.

Idan za a ajiye rediyo na makonni, a cire baturan. Ruwan batir ya kashe rediyo da yawa fiye da tsufa.

Gwaji kafin biya

Cikin shago shi ne wuri mafi muni na gwada AM da SW. Ƙwan fitila na zamani, cajar waya, inbata da janareto duk suna zuba musu ƙara. Sai a roƙi mai shago a fita da ita waje.

A je a lokacin da ake shiri, misali ƙarfe 3 na rana da BBC ke gabatar da shirin rana. Idan tsohuwar rediyon tana ɗan motsi, a tafi da ita a jera su.

A FM da SW a zare eriya duka, a taɓa gindinta a ji ko tana girgiɗi, domin nan ne ta fi karyewa. A AM kuwa eriyar waje ba ta da aiki. Tata tana ciki, don haka akwatin ake juyawa har murya ta fito.

A murɗa daga farkon layi zuwa ƙarshe. Idan tasha ɗaya ta gari tana fitowa a wurare da yawa tana danne sauran, rediyon ba ta iya tacewa. A ƙara murya a ji ko lasifika na rawa. Sannan a yi magana da mai shago a kan musanya idan an je gida ba ta yi ba.

Kada kuma ado ya ruɗi mai saye. Yawan fitilu, wurin sa memori da rubutun "band" goma sha biyu a kwali ba su ne kamu ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kafin a jefar da tsohuwar ma, a kai ta wurin mai gyara. Sau da yawa tsatsa ce a mazaunin batir, ko waya ɗaya da ta saki. In kuwa ta ƙi, to a tafi kasuwa da mai ita. Shi ya san muryar da yake nema, kuma shi zai tashi da ita gobe da asuba.