Hoton Asibiti a Wayar Hannu: Amfaninsa da Sharuɗɗansa

Duk mazaunin Tafa ko Sabon Wuse ya san irin abin da kan auku a babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Kaduna. Mota ta kife, a kwashi mutane a kai asibiti, likita ya ce a ɗauko hoton ƙashi. Amma fa ɗaukar hoto daban, karanta shi daban. Tun shekarar 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, na'urorin ɗaukar hoto sun yi ta yawaita, sai dai har yanzu likitocin da suka ƙware wajen karanta shi kaɗan ne a ƙasar nan. Galibinsu kuma suna manyan asibitocin koyarwa, irin na Gwagwalada da na Shika kusa da Zariya.

Wayar hannu ta rage wannan nisa. A yau ƙaramin likita yana iya aika hoton da ya shige masa duhu ga malaminsa ta WhatsApp, ya sami shawara tun majiyyacin bai bar gado ba. Ɗalibai kuwa sukan kafa zaure, a saka hoton ƙirji guda, kowa ya faɗi abin da ya gani, sa'an nan malami ya gyara. Akwai ma taskar Radiopaedia, wadda wani likita ya buɗe a Ostireliya cikin 2005, inda ake ajiye dubban hotuna tare da bayaninsu domin masu koyo da masu bincike.

To, amma akwai sharuɗɗa, kuma wajibi ne ma'aikata su kiyaye su. A kusurwar hoton asibiti akan rubuta sunan mai shi, da shekarunsa, da ranar da aka ɗauka. Wanda ya aika da shi zaure bai rufe wannan kusurwa ba, ya tona asirin da aka ba shi amana. A ce hoton cikin wata baiwar Allah ne, ko ƙirjin magidanci mai tarin fuka: da zarar ya fita daga waya ɗaya, ba mai iya komo da shi, kuma a gari kamar Tafa kowa ya san kowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana sirrin majiyyaci ba da izninsa ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ƙara ƙarfafa wannan hani. Saboda haka a nemi yardar mai hoto tukuna, a kuma shafe sunansa.

Abu na biyu, hoton da aka sake ɗauka da waya ba ya kai na asali. Manhajar takan matse shi domin ya tafi da sauri, ta haka siririn tsagewar ƙashi kan ɓace. Shawarar waya taimako ce kawai. Ba ta maye gurbin rubutaccen rahoton gwani.

Ku kuma jama'a, kada ku saka hotonku a Facebook kuna neman a gaya muku abin da ke damunku, domin mai amsawa bai duba jikinku ba, ba ku kuma san ko likita ba ne. Ku adana hoton cikin ambulansa, nesa da rana da danshi, kada a naɗe shi, ku riƙo shi duk ranar da za ku koma ganin likita.