Masu kiwon Brahma: yaushe rabonka da ka duba ƙarƙashin gashin ƙafar kazarka?

Yau maganarmu a kan kaji masu gashi a ƙafa ce, wato Brahma, Cochin da Silkie. Gashin nan da ya sa muke biyan kuɗi mai tsoka a kansu, shi ne kuma yake ɓoye mana ciwo. Kazar Hausa ƙafarta a fili take, daga nesa ka ga matsala. Brahma kuwa sai ta fara ɗingishi kafin ka lura, a lokacin abu ya riga ya yi nisa. Kuma zakaran da ƙafarsa ke ciwo ba ya barbara. Ka tara ƙwai, ka sa a inji, ka jira kwana 21, ka tashi a tutar babu.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ta wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani. Suna shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa su yi rami, su hayayyafa. Sai ɓawon ya ɗaga, ƙafar ta yi kauri, ta yi fari-fari kamar an yaɓa mata siminti. In an bar su har yatsa yana iya guntulewa. Kuma suna yaɗuwa daga kaza zuwa kaza a wurin kwana.

Maganin ba tsada. Jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da ɗan sabulu kamar minti 10, ka goge a hankali da tsohon burushin goge baki. Kar ka ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, jini zai fito. Tsane ƙafar sosai, sannan ka buɗa gashin da yatsa ka cusa man Vaseline har ya taɓa fata. A nan mutane ke kuskure, su shafe gashin kawai su ce sun yi magani. Man toshe wa ƙwarin numfashi yake, amma bai cika kashe ƙwayayensu ba, shi ya sa za ka maimaita duk bayan kwana 2 ko 3 har sati 4. Duk kajin za ka yi wa, ka kwashe shimfiɗar akurkin, ka wanke sandar da suke hawa. In ya ci tura, likitan dabbobi na iya ba da Ivermectin, shi zai auna, ya kuma faɗa maka tsawon lokacin da za ka daina cin ƙwan.

Don Allah a bar zancen baƙin mai da kananzir. Na san a unguwa za a ce maka an gwada ya yi. Ƙona fata suke, kazar kuma ta tsattsage gashinta da baki ta haɗiye.

Ta biyu kumburin tafin ƙafa. Juya ƙafar, in ka ga baƙin tabo a tsakiya da kumburi mai zafi, shi ne. Zakaran Brahma yana kai kilo 5, in ya diro daga sama kan siminti ko waya sai tafin ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga. Mugunyar kaza ba ruwa ba ce irin ta mutum, daskararriya ce kamar awara, don haka matsawa ba ta fitar da ita, maganin da ka zuba a ruwan sha ma da wuya ya isa wurin. In da sauƙi, jiƙa a ruwan ɗumi da gishiri kullum, sa aidin, naɗe da bandeji, ka ware ta a wuri busasshe. In ya girma ya yi tauri, kai wa likita ya tsaga. Reza a gida ba naka ba ne.

Sauran na damina ne. Gashin yana kwasar taɓo da kashi ya dunƙule a yatsu. Ni a ganina, kazar da ba ta sayarwa ba ce, rage mata gashin da almakashi, zai sake tsirowa. Amma ka kiyayi sabon tsiro mai duhun gindi, akwai jini a ciki.

Sandar kwana kar ta wuce gwiwarka tsayi, ƙasa kuma a baza ɓuntun shinkafa busasshe. Sati-sati ka kama kowace da dare da tocila, lokacin ba sa gudu, ka buɗa gashin ka juya tafin.

Wanda tasa ta riga ta fara, ya ajiye mana hoton ƙafar a ƙasa, sama da tafi, mu duba tare.