A1, A2 ko A: Yadda Sabon Mahayi Zai Zaɓi Ajin Lasisin Babur a Birtaniya

Matashin da zai sayi waya ya san inda zai duba: girman ma'adana, ƙarfin batir, kyawun kyamara. Amma idan aka zo maganar babur, da yawa ba sa wuce tambaya ɗaya: cc nawa ne? A Najeriya wannan ba ya jawo wata matsala da hukuma, domin lasisin babur aji ɗaya ne, wato aji A na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, kuma wanda ya kai shekara 18 yana iya nemansa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa an raba lasisin gida huɗu: AM, A1, A2 da A. Tsarin ya fara aiki ranar 19 ga Janairun 2013, kuma Birtaniya ta ci gaba da shi bayan ficewarta daga tarayyar.

Maganar ta shafi duk matashin da karatu ko aiki ya kai shi can, yake kuma tunanin sayen babur don ya huta da tsadar jirgin ƙasa da bas. Lasisin da ya zo da shi daga Najeriya na wata 12 ne kacal a wajensu, kuma ba a musanya shi da nasu. Bayan wa'adin sai ya koma ɗan koyo. Daga nan zaɓin aji ya zama maganar kuɗi, maganar doka, har ma maganar rai. Ƙa'idojin da ke ƙasa na Ingila ne da Sikotilan da Wales.

Kilowat ake dubawa, ba cc kaɗai ba

Lambar cc faɗin cikin inji take nunawa, ba ƙarfin da yake fitarwa ba. Kamar yadda wayoyi biyu za su zo da kyamara mai megafiksel 50 amma hotunansu su sha bamban, haka babura biyu masu cc ɗaya za su iya bambanta a ƙarfi. Shi ya sa dokar ta fi dogara da kilowat, da kuma yawan ƙarfin da ya hau kan kowane kilo na nauyin babur.

Ajin AM na ƙananan babura ne da gudunsu bai wuce kilomita 45 a awa ba, ana ba da shi daga shekara 16.

Ajin A1 daga shekara 17 ne. Babur ɗin kada ya wuce cc 125, kada ya wuce kilowat 11, wato kusan ƙarfin doki 15, kuma kada ƙarfin ya haura kilowat 0.1 a kan kowane kilo.

Ajin A2 daga shekara 19 ne. A nan babu iyaka a kan cc. Iyakar ita ce kilowat 35, kusan ƙarfin doki 47, da kilowat 0.2 a kan kowane kilo. Ma'ana, babur mai cikakken kilowat 35 sai nauyinsa ya kai kilo 175 kafin ya shiga wannan aji.

Ajin A ba shi da iyakar ƙarfi. Ana samun sa kai tsaye a shekara 24, ko a shekara 21 ga wanda ya riƙe A2 na shekara biyu.

Misali da baburan da aka sani zai fito da abin fili. Bajaj Boxer 100 da ya cika titunan Kano da Kaduna ƙarfinsa kusan kilowat 6 ne, don haka ɗan A1 ne. Yayansa Boxer 150 bai kai kilowat 11 ba, amma da yake ya haura cc 125, sai mai A2 zai hau shi. Shi kuwa Yamaha MT-125, da ke da cikakken kilowat 11, ya fi Boxer 150 ƙarfi, amma yana nan cikin A1. Wanda ya yi ciniki da ido ko da ƙarar salansa zai iya sayen abin da lasisinsa bai ba shi damar hawa ba.

CBT ɗin da ba na JAMB ba

Matakin farko shi ne lasisin koyo daga hukumar DVLA. Ana nemansa ta intanet, kuma dole mai nema ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Daga nan sai horon tilas da ake kira CBT, wanda aka kawo a 1990. Ba shi da alaƙa da jarrabawar kwamfuta da ɗaliban Najeriya suka sani da wannan suna. Horo ne da yawanci ake gamawa a yini ɗaya: bayani a kan kayan kariya, sarrafa babur a fili, sannan aƙalla awa biyu a kan titi tare da mai koyarwa. Idan bai gamsu da hannun ɗalibi ba, yana iya cewa ya sake dawowa.

Takardar CBT tana ba ɗan shekara 17 zuwa sama damar hawa babur mai cc 125 da kilowat 11, da sharuɗɗa uku: alamar L a gaba da baya, babu goyo, babu hawa manyan titunan gudu masu lambar M. Shekara biyu take yi ta mutu.

A nan mutane da yawa suke yada zango. Duk bayan shekara biyu sai su sake biyan kuɗin horon, su ci gaba da yawo da alamar L. A ido hanya ce mai sauƙi, amma araha ba ta ado: shekara shida, biya uku, kuma har yanzu mutum ba shi da lasisi, bai isa ya ɗauki ko ƙaninsa a baya ba.

Lissafin shekaru

Ga ɗan shekara 17 ko 18, zaɓin bai wuce biyu ba: ya zauna a kan CBT, ko ya ci jarrabawar A1. A1 ba zai ba shi babur mafi girma ba. Abin da zai ba shi shi ne cire alamar L, damar goyo, damar hawa manyan tituna, da hutu daga sabunta horo. Bayan shekara biyu kuma zai haye A2 da jarrabawar tuƙi kawai.

Ga wanda ke tsakanin 19 da 21, A2 ya fi riba. Ya wadatar da zirga-zirgar gari da doguwar tafiya, kuma daga ranar da aka same shi agogon shekara biyun nan zai fara juyawa. Wanda ya ci A2 yana da 19 zai iya neman A yana da 21, shekara uku kafin abokinsa da ya zauna jiran 24. Ɗan shekara 19 da ya kashe kuɗinsa a kan A1 ya biya kuɗin jarrabawa iri ɗaya ne ya karɓi ƙaramin kaya.

Masu 22 da 23 su ne a tsaka mai wuya. Ko sun ci A2 yau, kafin shekara biyu ta cika sun kai 24, inda ƙofar A take buɗe ga kowa. Saboda haka A2 ba zai gajarta musu jira ba. Wanda yake buƙatar goyo ko doguwar tafiya yanzu, A2 ɗin ya dace da shi. Wanda iyakarsa gida zuwa makaranta, zai iya riƙe mai cc 125 da takardar CBT, ya goge hannunsa, ya yi jarrabawa sau ɗaya idan lokaci ya yi.

Ga mai 24 zuwa sama, neman A kai tsaye ya fi sauƙin lissafi, domin ba zai sake komawa jarrabawa ba. Sai dai lasisi daban, babur ɗin da za a saya daban. Mallakar A ba ta tilasta wa kowa sayen dodon inji. Sabon hannu yana iya riƙe lasisin A a aljihu ya hau Honda CB500 mai kilowat 35 har sai ya saba.

A cikin Tarayyar Turai shekarun sun ɗan bambanta. A Jamus A1 daga 16 ne, A2 daga 18. Faransa kuwa tun 2016 ta rufe hanyar kai tsaye: komai shekarun mutum sai ya yi shekara biyu da A2, sannan ya ƙara horon awa bakwai kafin ya samu A.

Tarkon otomatik da na lantarki

Babur ɗin da aka yi jarrabawa da shi shi ne ke yanke abin da za a rubuta a lasisi. Wanda ya ci da mai giyar otomatik, lasisinsa na otomatik ne kawai, ba zai hau mai kuloci ba sai ya sake zama. Tunda yawancin baburan lantarki ba su da kuloci, su ma nan suka faɗa. Wanda bai tabbatar da abin da zai hau nan da shekara biyar ba, gara ya koya da mai kuloci, domin wannan lasisin ya haɗe duka biyun.

Akwai wani abin lura game da na lantarki. Doka tana auna ƙarfin da motarsa za ta iya riƙewa a ɗore, ba ƙololuwar da take kaiwa na ɗan lokaci ba. BMW CE 04 yana da samfurin da a takarda kilowat 11 ne, amma idan aka murɗa totur yana kaiwa 23. A doka ɗan A1 ne, a titi kuwa fizgarsa ta ninka ta mai fetur ɗan ajinsa. Sabon mahayi ya san da wannan kafin ya murɗa.

Haka kuma ana iya rage wa babban babur ƙarfi ya shiga A2, ko dai da ɗan ƙarfen da ke taƙaita totur, ko ta sauya manhajar kwamfutar injin. Sharaɗin shi ne ƙarfinsa na asali kada ya wuce kilowat 70. Yamaha MT-07 yana shiga, R1 ba ya shiga ko da me aka yi masa. Cire abin ragewar a ɓoye ba kamar buɗe wayar da kamfani ya kulle ba ne: nan take mahayi ya fita daga ajinsa.

Jarrabawa da kuɗinta

Hukumar DVSA ce ke shirya jarrabawa. Ta farko a kan kwamfuta ake yi: tambaya 50, ana son a ci 43. Sai gajerun bidiyo 14 inda mutum zai danna da zarar ya hango haɗari na tasowa, ana son maki 44 cikin 75. Mai danne-danne barkatai kamar yana wasan gem, kwamfutar za ta ba shi sifili a wannan bidiyon. Hukumar tana da manhajarta ta atisaye a Android da iPhone.

Ta tuƙi kashi biyu ce. Na farko a killataccen fili: zagaya alamomi, tafiyar hawainiya, da taka birkin gaggawa daga gudun aƙalla kilomita 50 a awa. Na biyu a kan titi, mai jarrabawa yana biye yana ba da umarni ta rediyo.

A 2024 lasisin koyo fam 34 ne ta intanet, jarrabawar kwamfuta fam 23, kashin farko na tuƙi fam 15.50, na biyu fam 75 a ranakun aiki. Kuɗin iri ɗaya ne ko wane aji aka nema. Abin da ke cin aljihu shi ne makarantar koyo da hayar babur. A shafin GOV.UK ake yin rajista. Akwai shafukan 'yan tsakiya masu kama da na gwamnati da ke ɗora nasu kason a kai.

Abin da kuskure ke jawowa

Hawa babur ɗin da ya fi ƙarfin ajin mutum laifi ne mai maki uku zuwa shida a kan lasisi, da tarar da za ta iya kai fam 1,000. Kamfanin inshora ma yana iya juya baya ranar da aka fi buƙatarsa. Wanda kuma ya tara maki shida cikin shekara biyun farko bayan cin jarrabawarsa, soke lasisin ake yi, ya koma farko. Mai bizar karatu da ke hangen aikin kai abinci ta manhaja shi ma ya yi hattara: bizar ta hana sana'ar kai, kuma yawancin irin wannan aikin a nan yake.

Dokar ba don takura aka yi ta ba. A Birtaniya babura kusan kashi 1 cikin 100 ne na zirga-zirgar tituna, amma mahayansu kusan kashi 20 ne na waɗanda ke mutuwa a haɗari. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin babur ya tsaya ninkawa huɗu yake yi, kuma hannun da bai saba ba yakan damƙe birkin gaba da ƙarfi a daidai lokacin da bai kamata ba.

Kafin matashi ya biya ko sisi, abu uku zai ajiye a gabansa: shekarunsa, irin tafiyar da zai riƙa yi, da lambar kilowat da ke rubuce a takardar babur ɗin. Idan ukun nan suka daidaita, ajin da ya dace zai fito da kansa. Sauran kuɗin kuma hular kwano mai inganci da safar hannu da rigar kariya sun fi cancantar su a kan ƙarin cc.