KIYAYE TSOFAFFIN JIRAGEN ƘASA DAGA RUBUCE-RUBUCEN BANZA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a 1930 aka kai dogo Nguru, wadda yau take cikin Jihar Yobe. A 1964 aka gama shimfiɗa hanyar da ta bi ta Bauchi da Gombe da Buni har Maiduguri. Dogo bai ratsa Potiskum ba, amma dattawan wannan yanki suna tunawa da zamanin da gyada da fatu da shanun Arewa suke isa kudu cikin tarago. Kawunan jirage masu aiki da kwal sun daɗe da yin ritaya. Kaɗan daga cikinsu aka adana, kamar kayan ƙaramin jirgin da ya yi jigilar kuza tsakanin Jos da Zariya har zuwa 1957, waɗanda ake nunawa a Gidan Tarihi na Jos. Waɗannan kaya dukiyar jama'a ce, in kuwa suka lalace babu inda za a sayo madadinsu.

Irin ɓarnar da ake yi

Abin takaici ne a ga wasu baƙi suna rubuta sunayensu a jikin tarago da alli ko gawayi ko fentin feshi, wasu su kankare da ƙusa, wasu kuma su manna takardun talla. Mai yin haka yana zaton wasa ne, alhali kuwa fenti shi ne rigar ƙarfe. Da zarar ƙusa ta tsaga shi, ruwan damina zai shiga, tsatsa ta kama, ta riƙa cin ƙarfen ta ƙarƙashi har ya huje. Katakon tarago kuma yana shan tawada kamar yadda ƙasa take shan ruwa, saboda haka fitar da ita ke da wuya.

Yadda ake gogewa

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a sanar da ma'aikatan da ke kula da wurin, a kuma ɗauki hoton ɓarnar. Daga nan sai a fara da abu mafi sauƙi. Alli da gawayi suna fita da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Takarda kuwa a jiƙa ta har gam ɗin ya saki, kada a kankare ta da wuƙa. Fentin feshi yana bukatar sinadari mai narkarwa, amma tilas a fara gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa, domin abin da ya narkar da sabon fenti yana iya cin na asali. Inda ƙusa ta kai ga ƙarfe, sai a tsabtace wurin, a shafa fentin hana tsatsa, sa'an nan a bi da launi irin na da.

Kada a yi amfani da samfefa ko burushin waya, musamman a kan lambar jirgi da farantin tagulla mai ɗauke da sunan masana'anta, gama su ne shaidar asalinsa. Bugu da ƙari, tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, ƙurarta kuwa guba ce, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda ta hallaka ɗaruruwan yara. Don haka mai aiki ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya kuma nisanta yara daga wurin.

Rigakafi

Rubutu ɗaya shi ke jawo na biyu. Birnin New York na Amurka ya yi fama da wannan cuta shekara da shekaru, sai da hukuma ta ƙudura cewa taragon da aka ɓata ba zai fita aiki ba sai an wanke shi, kana aka shawo kanta a 1989. Ke nan gaggawar gogewa ita ce babban magani. Haka nan yana da amfani a shafa kaki a kan fenti, domin rubutu ya zauna bisa kakin, a wanke su tare. Rumfa da shinge da fitila da mai gadi duk suna taimakawa, kuma a ajiye littafin baƙi inda mai son barin sunansa zai rubuta.

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta lalata kayan tarihi. Ana roƙon iyaye da malaman makaranta da masu unguwanni su ja kunnen yara kafin a kai su ziyara. Wanda ya ga ana ɓarna ya hana, ko ya kai rahoto ga ma'aikatan gidan tarihi ko na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.