Labarin Girgizar Ƙasa a Zamanin Yunanawa da Rumawa

Mutanen Yunan na dā ƙasarsu mai yawan girgiza ce. Jama'arsu suna jingina abin ga Fosaidon, gunkinsu na teku, suna yi masa yanka don ya huce. Amma Aristo, babban malaminsu, ya ce iska ce da ke kulle cikin ƙasa take neman mafita.

Wajen shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasa ta girgiza a tsibirin Rodas, matattarar fataken teku. Ganuwa ta zube, ma'ajiyar jirage ta rushe, mutum-mutumin tagulla mai tsawon kamu 70 ya karye daga gwiwa. Mutanen Rodas suka aika manzanni wurin sarakuna. Batlamus na Uku, Sarkin Masar, ya aiko da azurfa da hatsi da katakon jirage. Hiron, Sarkin Sirakus, ya ɗauke wa jiragensu kuɗin fito, gama kasuwar Rodas in ta mutu kowa ya yi hasara. Masu dubansu kuwa suka hana a tā da mutum-mutumin. Yana nan kwance har Larabawa suka ci tsibirin a zamanin Mu'awiya. An ruwaito cewa wani falke ya sayi tagullar, ya ɗora wa raƙuma 900.

Su kuwa Rumawa, Kaisar ke ɗaukar nauyin. A shekara ta 17 miladiyya girgiza ta rushe birane 12 cikin dare a yammacin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Birnin Sardis ya fi shan wuya. Kaisar Tibariyas ya yi masa alkawarin kuɗinsu sastar miliyan 10, ya yafe masa haraji shekara 5, ya kuma aiki wakili ya gano ɓarnar da idonsa. A shekara ta 79, da dutsen Basubiyas ya yi aman wuta ya binne Fomfai, Kaisar Titus ya umarta a gyara garuruwan da dukiyar waɗanda suka mutu ba magaji.

To, abin lura ga masu mulki da attajirai shi ne wannan: garin da masifa ta auka wa, in aka sauƙaƙa masa haraji, aka buɗe masa hanyar fatauci, da sauri yake farfaɗowa.