Illar Zaman Benci ga Ɗan Wasan Ƙwallon Ƙafa

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce nuna cewa atisaye, kome yawansa, ba ya maye gurbin shiga fili ga wanda ya ɗauki tamaula sana'a.

A wasa guda na minti 90, ɗan wasa kan yi tafiya da gudun da suka kai kilomita 10 ko fiye. Wahalar kuwa ba a tsawon tafiyar kaɗai take ba. Tana cikin zabura da cin birki da juyawa farat ɗaya, ga kuma gogayya da abokin hamayya wanda ba ya sassautawa. A wurin atisaye da wuya a kai ga wannan matsayi, domin ba wanda ke son ya ji wa abokin aikinsa ciwo. Saboda haka wanda ya daɗe a benci, ranar da aka sa shi sai numfashinsa ya gaza tun wasa bai yi nisa ba, tsokar bayan cinyarsa kuma, da yake ta kwana biyu ba ta sha gudu mai tsanani ba, tana iya yagewa. Haka nan lissafinsa kan yi nawa: kafin ya yanke shawarar inda zai tura ƙwallo, an riga an ƙwace ta.

Ahmed Musa ya isa misali. Ya koma Leicester City ta Ingila a 2016, amma a farkon kakar 2017/18 bai buga ko wasa ɗaya ba a gasar Firimiya. A watan Janairun 2018 ya tafi aro tsohuwar ƙungiyarsa, CSKA Moscow ta Rasha, inda ya rinƙa buga wasa a kai a kai. Da watan Yuni ya zo, shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Iceland a gasar cin kofin duniya. A 2021 ma, bayan ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya, ya dawo Kano Pillars maimakon ya zauna haka nan.

Daga ƙarshe, ya kamata matasan da ke ɗokin manyan ƙungiyoyin Turai su auna: ƙaramar ƙungiyar da za ta sa mutum a fili kowane mako ta fi masa babbar da za ta ajiye shi yana kallo, domin ƙwarewa da lafiyar jiki su ne jarinsa.