3.3 Ɓarkewar Cutar Fumfunar Huhu a Masana'antar Takarda ta Eskanaba, Amurka

A wannan sashe za a duba misali guda na yadda cutar fumfunar huhu take ɓarkewa tsakanin ma'aikata, wato abin da ya faru a wata masana'antar takarda da ke garin Eskanaba, a arewacin jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, daga ƙarshen shekarar 2022 zuwa watan Mayu na 2023. An zaɓi wannan misali ne saboda shi ne ɓarkewa mafi girma ta wannan cuta da aka taɓa rubutawa a Amurka, kuma shi ne karo na farko da aka danganta ta da wata masana'anta.

Cutar da ake magana a kanta masana suna kiran ta bilastomaikosis. Wani likita mai suna Thomas Gilchrist ne ya fara bayyana ta a birnin Baltimo a shekarar 1894. Fumfunar da ke haddasa ta tana rayuwa ne a ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen itace da ganyaye, musamman a bakin koguna da tafkuna. Idan aka tona irin wannan ƙasa ko aka motsa ta, sai ƙananan ƙwayoyin irin fumfunar, waɗanda ido ba ya gani, su tashi cikin iska. Da zarar mutum ya shaƙe su sun isa huhu, ɗumin jiki yakan sauya musu kama, su koma wata siffa mai kauri irin ta yis, wadda garkuwar jiki take shan wahala kafin ta murƙushe ta. Daga nan cutar tana iya tsayawa a huhu, tana kuma iya bin jini ta kai ga fata da ƙashi. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum.

Masana'antar ta Eskanaba mallakar kamfanin Billerud ce na ƙasar Suwidin, tana bakin kogin Eskanaba, kuma a lokacin mutane kimanin 1,000 ne suke aiki a cikinta. A ranar 28 ga Fabrairu, 2023 aka sanar da hukumar lafiya ta yankin cewa wasu ma'aikata suna fama da wani irin ciwon namoniya da ba a saba gani ba. A farkon watan Maris gwaje-gwaje suka nuna cewa fumfuna ce. Kamfanin ya sanar da dakatar da aiki a ranar 13 ga Afrilu domin a yi tsafta da duba hanyoyin iska, aka sake buɗewa a ranar 8 ga Mayu. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta gudanar ya nuna cewa daga cikin ma'aikata 645 da suka shiga binciken, 162 sun kamu. An kwantar da 18 a asibiti, mutum ɗaya kuma ya rasu.

Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin fara rashin lafiya da gano dalilinta. Tun a watan Nuwamba na 2022 wasu suka fara ciwo, amma ba a ankara ba sai bayan wata uku da ɗoriya. A ganin wannan bincike, dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko, alamomin cutar, wato tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji da kasala da gumin dare, ba su da bambanci da na namoniyar da aka sani, balle a lokacin hunturu da kowa yake tari. Saboda haka likita yakan fara ba da maganin kashe bakteriya, wanda ba ya yi wa fumfuna komai, sai majinyaci ya tafi ya dawo kafin a yi tunanin wani abu dabam. Na biyu, cutar takan ɗauki mako uku zuwa wata uku a jiki kafin ta bayyana, don haka lokacin da ma'aikaci ya kwanta, da wuya ya tuna inda ya yi aiki ranar da ya shaƙi ƙwayoyin. Wannan ruɗani ba baƙo ba ne a asibitocin Afirka, inda cututtukan fumfunar huhu sukan yi kama da tarin fuka, har a ɗora majinyaci a kan maganin da ba nasa ba.

Haka kuma, duk da samfurorin ƙasa da ƙura da gutsattsarin itace da aka ɗiba a ciki da wajen masana'antar, ba a samu fumfunar a cikinsu ba. Wannan bai wanke wurin ba, domin an daɗe da sanin cewa tana da wuyar kamawa a ƙasa ko da a inda aka tabbata tana nan. Sakamakon haka, matakan da aka ɗauka na gaba ɗaya ne: raba wa ma'aikata takunkumi mai tace iska, da gyara matatun iska na gine-gine, da wayar da kai a kan alamomin cutar.

Ta fuskar magani kuwa, wanda ciwonsa bai yi tsanani ba akan ba shi itirakonazol na tsawon wata 6 zuwa 12. Wanda ya jigata akan fara masa da allurar amfoterisin ta jijiya a asibiti, sannan a mayar da shi kan itirakonazol. Ke nan ko bayan da injina suka ci gaba da aiki a watan Mayu, da yawa daga cikin ma'aikatan suna da sauran watanni na shan magani a gabansu.